Abin da Agogon Preben Ya Faɗa

Shekara goma sha tara na yi ina ɗaure igiya a jirgin fiton tsibirinmu, kuma a duk shekarun nan yayana Preben ne a ɗakin tuƙi. Shi yana sama yana kallon ruwa, ni ina ƙasa ina jera motoci, ina duba tikiti, ina jefa igiya idan mun iso tasha. Tafiyar minti arba'in da biyar ce tsakaninmu da babban yanki, wato gaɓar ƙasar da ke ƙetaren ruwa, sau biyar a rana. Mu ɗari uku da 'yan kai ne a tsibirin, kuma kowa ya san burodinsa da maganinsa da wasiƙarsa ta hannun Preben suke biyowa.

Agogon kuwa 'yarsa Maiken ce ta kawo masa daga birnin Aarhus ranar da ya cika sittin. Baƙi ne, fuskarsa kamar ta ƙaramar waya, irin wanda ake haɗawa da wayar mutum ya riƙa nuna saƙo, ya ƙirga taku, ya auna bugun zuciya. Preben ya jujjuya shi a hannu kamar wanda aka miƙa wa ruɓaɓɓen kifi.

"Ai ina da agogo."

"Wancan lokaci kawai yake faɗa, Baba."

"To me kuma agogo zai faɗa? Labaran duniya?"

"Har su ma yana faɗa," in ji Maiken. Ta kama hannunsa ta ɗaura masa da kanta.

Makon farko abin dariya ya zame mana. Muna tsakiyar shiga tasha, iska na tura jirgin gefe, sai agogon ya girgiza masa hannu, wai ya daɗe a zaune, ya tashi ya ɗan taka. Ya leƙo ta taga ya ƙwala mini kira: "Bodil! Hawo ki riƙe jirgin, maigidana ya ce in je yawo!" Wata rana kuma ya taya shi murna wai ya yi iyo na minti ashirin, alhali gilashin ɗakin tuƙi yake wankewa.

Amma kafin hunturu ya kama sosai ya saba da shi, har yana jin daɗinsa. Kunnen Preben ya ɗan yi nauyi saboda ƙarar inji, kuma wayarsa kullum tana can cikin aljihun rigar sanyi, sai ta yi ta kuka bai ji ba. Agogo kuwa a fatarsa yake, ba ya kuskure masa. Ba sai ya cire safar hannu ba yake ganin ƙarfin iska da saƙon ofishin jiragen fito. Wata safiya a watan Disamba, har na kwance igiyar baya, sai na ji ya rage wuta. Ashe saƙo ne ya faɗo masa a hannu daga ma'aikaciyar jinyar tsibirin, cewa ga ta nan tafe da wata mai naƙuda. Muka jira su minti shida. Da a waya saƙon ya tsaya, da sai mun kai rabin hanya zai gani. Ranar ya shafa fuskar agogon da babban yatsa, ya ce da ni, "Wannan ɗan banzan yana da ranarsa."

A watan Fabrairu abin ya fara, ko in ce a watan na sani. Na kai masa kofi a jirgin ƙarfe goma da kwata kamar kullum. Yana kauce wa wani ƙaramin jirgin masunta, hannayensa duka biyu suna aiki, sai agogon ya girgiza.

"Karanta mini," in ji shi, ya juyo mini da wuyan hannunsa. "In ofis ne ki ce na mutu."

Na sunkuya na karanta. Ba ofis ba ne. An rubuta cewa an ga alamar bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, kuma ya kamata ya ga likita.

"Au, wannan kuma," ya ce. "Share shi."

"Kuma? Sau nawa ke nan?"

"Biyu. Ko uku. Ke, inji ne. Ɗora hannunki a nan ki ji." Ya nuna mini ƙarfen da yake riƙewa. Na ɗora, kuma gaskiya ne, yana kakkarwa. "Abin da ya ɗauka wanke gilashi iyo ne, shi zai gaya mini ciwon zuciya? Zuciyar injin yake aunawa."

Na yi dariya, domin maganar ta shige ni. Na sauka na ci gaba da aikina.

Tun da matarsa Inger ta rasu, shekara shida ke nan, ni nake zuwa gidansa ranar Lahadi in yi mana abincin rana. Lahadin nan na soya kifi da dankali, muna zaune a kicin, babu inji, babu ruwa, ba abin da ke motsi sai agogon bango. Ya ɗauki cokali ke nan agogon hannunsa ya girgiza. Na ji ƙararsa a jikin tebur. Ya duba, ya juya hannunsa ƙasa, ya ci gaba da cin abinci.

"Preben."

"Na'am."

"Wane inji ne a kicin ɗin nan?"

Ya ajiye cokali, ya kwance agogon a hankali, ya jawo aljihun tebur inda wuƙaƙe suke, ya jefa shi ciki ya rufe.

"Shi ke nan ya yi shiru. Miƙo gishiri."

"Ka manta Baba ne?" na ce. Mahaifinmu yana da shekara sittin da uku, yana gyaran raga a bayan gida, ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara huɗu ya yi a kwance, yana kallonmu ba ya iya kiran sunan kowa.

"Ban manta ba. Ni na riƙa ɗaga shi."

"To ka je a duba ka. Awa ɗaya ce."

"Awa ɗaya." Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Bodil, kamar ba a jirgi kike aiki ba. In na faɗa wa likita, likita zai rubuta. In ya rubuta, takardar lafiyata ta tashi. In ta tashi, ranar za su sauke ni. Kin san tun yaushe mutanen ofis suke neman dalilin da za su rage mana zirga-zirga? Wa ke da lasisin tuƙa jirgin nan a tsibirin in ba ni ba? Wanda ke karɓata ranakun hutu ɗan babban yanki ne, jira yake ya samu aiki kusa da gida ya gudu."

"To in ka faɗi a kan tuƙi fa?"

"Ban taɓa jin komai ba. Ko jiri. Ina hawa matakalar nan sau talatin a rana. Lafiyata ƙalau, wani ɗan ƙarfe da aka ƙera a wata uwa duniya ne bai yarda ba."

Da zan tafi, yana banɗaki, na buɗe aljihun na ɗauke agogon.

Na sha wuya kafin na haɗa shi da wayata, yini guda na ɓata. Niyyata ɗaya ce: in ɗaura shi a jirgi, in ga ko ni ma zai ce zuciyata ta lalace. In ya faɗa, to maganar Preben ta tabbata, in jefa shi a ruwa kowa ya huta. Har addu'a nake yi ya faɗa. Na ɓoye shi cikin hannun riga. Duk sanda na kai kofi sai in daɗe a sama, in jingina hannuna da ƙarfen nan mai kakkarwa. Na sauka ɗakin inji na rungumi bututu kamar mahaukaciya.

Kwana goma bai ce komai game da bugun zuciyata ba. Sai wasu abubuwan da ban tambaye shi ba. Ya ce barcina ba shi da kyau. Ya ce ina cikin damuwa, in zauna in ja numfashi na minti ɗaya, a daidai lokacin da nake tsaye tsakanin motar madara da motar shara ina ba su hannu. Kowace safiya sai ya ba ni maki a kan daren jiya, kamar 'yar makaranta, kuma kullum faɗuwa nake yi. Da can ban san ina barci mara kyau ba, na ɗauka haka barcin mace mai shekara hamsin da huɗu yake.

Rana ta goma sha ɗaya na hau sama na naɗe hannun riga na nuna masa.

"Ashe ke kika sace."

"Kwana goma ina jikin injin nan. Bai ce komai ba."

Ya dubi hannuna, ya dubi ruwa. "To injin ya san hannun da yake so."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Sauka, mun kusa."

Na ajiye masa agogon kusa da kofinsa. Da na dawo ɗaukar kofin, babu agogon a wurin, kuma babu shi a hannunsa.

Daga nan ni na zame masa agogon. In na kai kofi ba fuskarsa nake kallo ba, jijiyar wuyansa nake kallo. In ya yi tari sai gabana ya faɗi. In jirgi ya ɗan karkata fiye da yadda na saba, sai in ɗaga kai in nemi hularsa ta taga. Na fara ƙirga fasinjoji ta wata hanya dabam. Da, lamba ce da nake rubutawa a takarda. Yanzu sai in ga 'yan makaranta ashirin da biyu a jirgin safe, in ga mai jego da jaririn nan da muka jira minti shida, in ce a raina duk waɗannan a kan zuciya ɗaya suke zaune, kuma ni kaɗai na sani. Sau biyu na ɗauki waya zan kira Maiken, sai in ajiye. Na san in ta ji, ranar za ta kira likita da ofis da duk wanda ke da lamba, kuma Preben ba zai yafe mata ba. Gara ni ya ƙi.

Ran sha huɗu ga Maris, a jirgin ƙarfe biyu, iska na kaɗawa daga yamma da ƙarfi. Ba ta kai wadda ake fasa tafiya saboda ita ba. Muna shiga tashar babban yanki ina tsaye a gaba da igiya a hannu, sai na ga bangon tasha yana zuwa da sauri fiye da kima. Na jira in ji inji ya ja baya. Ya ja, amma a makare, kamar da daƙiƙa uku. Jirgin ya daki katakon tasha, ƙarar ta cika wurin, motoci suka yi tsalle a inda suke. Grethe, tsohuwar malamarmu ta firamare, mai shekara saba'in da takwas, ta riga ta miƙe tana kan matakala. Ta gangaro hawa uku ta faɗi a kan hannunta.

Sai da na ɗaure jirgi, na kira motar asibiti, na zauna da Grethe har aka ɗauke ta, sannan na hau sama. Na same shi a zaune, ya cire hula yana goge goshi da ita.

"Ya jikinta?"

"Hannun ya karye. Me ya faru?"

"Iska ce ta taso mini ta baya."

"Na ga ka shiga tashar nan da iskar da ta fi wannan."

"To yau ban shiga ba."

"Ka ji wani abu? Jiri? Idonka ya rufe?"

"Na ji iska, Bodil."

Hannunsa na rawa. Amma wa zai daki tasha da jirgi cike da mutane hannunsa bai yi rawa ba? Na tsaya ina kallonsa, shekara hamsin da huɗu na san fuskar nan, kuma ban iya gane ko gaskiya yake faɗa ba. Har yau ban sani ba. Wani lokaci ina jin shi ma bai sani ba.

Ofis ya aiko cewa Annelise, shugabar sashen jiragen fito, za ta zo ranar Alhamis ta ji bayanin kowa, kamar yadda ake yi duk sanda fasinja ya ji rauni. Ranar Laraba da muka tashi daga aiki na tare shi a bakin tasha kafin ya hau kekensa.

"Gobe ka faɗa mata da bakinka. Ka ce za ka je a duba ka. Zai fi maka daraja."

"In ban faɗa ba fa?"

"In ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

"Ba za ta tambaye ki agogo ba. Wa ke tambayar agogo? Iska za ta tambaya, da gudun jirgi." Ya matso kusa, ya rage murya. "Ke ƙanwata ce, ko 'yar aiken wancan abin? Shekara talatin da huɗu ban taɓa ƙwarzane jirgi ba. Sau ɗaya tak, sai ki kai ni kasuwa?"

"Grethe ce ta koya maka karatu."

"Kuma zan je in gaishe ta, in kai mata furanni. Wannan tsakanina da ita ne."

Ya hau keke ya tafi.

Annelise mace ce mai sauƙin kai, ta zo da kek ɗin kirfa a takarda. Muka zauna a ɗakin fasinjoji bayan an sauke mutane. Ta tambayi iska, ta tambayi inda nake tsaye, ta tambayi ko an yi sanarwar kowa ya zauna. Na amsa duka. Ba ta tambayi agogo ba, kamar yadda ya faɗa. Ta rufe littafinta, ta soma mayar da biro cikin jaka, sannan ta ce, irin faɗar da ake yi don cika ƙa'ida, "Babu dai wani abin da ya kamata in sani ko?"

Na dubi kek ɗin. Da na ce babu, da ta tashi ta tafi.

"Akwai," na ce.

Kafin jirgin ƙarfe huɗu an sauke shi, da kalmomi masu taushi, wai hutu ne har sai likita ya duba. Ya sauko daga ɗakin tuƙi da kofinsa da rigar sanyinsa a hannu. Ya wuce ta gabana a kan matakala, kafaɗarsa ta gogi tawa, bai dube ni ba.

Likitoci suka manna masa wata na'ura a ƙirji ya kwana da ita mako biyu. Sakamako ya fito: agogon bai yi ƙarya ba. Zuciyarsa takan rikice ta yi ta bugu barkatai na awa ɗaya ko biyu, sannan ta koma daidai, shi kuwa ba ya jin komai. Maiken ce ta raka shi, ita ta ba ni labari, domin shi ya daina ɗaga wayata. Ta ce likitar ta ce ciwo ne da tsofaffi da yawa ke yawo da shi, kuma haɗarinsa shi ne jini ya dunƙule ya tafi ƙwaƙwalwa, irin abin da ya sami mahaifinmu. An ba shi maganin tsinka jini da wani na daidaita bugu.

"To karon da ya yi da tasha fa?" na tambaye ta. "Shi ya jawo?"

"Na tambaya. Ta ce ba ta jin haka, amma ba za ta rantse ba, tunda babu abin da ke hannunsa ranar." Sai ta fashe da kuka. "Gwaggo, agogon nan ya ceci ran Baba. Ke da shi."

Na ce mata haka ne. Me zan ce?

A tsibiri kuwa ba haka aka ɗauka ba. Babu matuƙin da zai cike gurbinsa, don haka ofis ya soke jirgin tsakar rana da na ƙarshe, wai na ɗan lokaci. Yau shekara guda da rabi, ba a dawo da su ba. Mai zuwa asibiti da safe sai ya yini a can. Iyalai biyu masu yara sun tashi sun koma babban yanki. A kanti ba wanda ya ce mini komai kai tsaye, sai dai hira takan mutu in na shigo. Wata rana ina layin biya na ji wani manomi a bayana yana ce wa na kusa da shi, da muryar da yake so in ji, "Ka yi hankali da tari a gaban Bodil, kada a ƙwace maka tarakta." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Grethe kaɗai ta tare ni a hanya, hannunta a naɗe, ta ce, "Na ji abin da kika yi. Ban sani ba ko daidai ne, amma na san ba daɗi." Na gode mata.

Duk bazarar nan Preben bai yi mini magana ba. Na ci gaba da zuwa ranar Lahadi ina ajiye abinci a bakin ƙofa. Wani lokaci in tarar da kwanon makon jiya a wanke, wani lokaci in tarar da shi yadda na bar shi. Na riƙa gaya wa kaina cewa wata shida ne, in an ga magani ya karɓe shi za a mayar masa da takardarsa, ya koma sama, ya yi fushinsa ya gama.

A watan Oktoba takardar ta dawo. Annelise da kanta ta kira shi. Ya ce mata a'a.

Da na ji, ban tsaya ajiye kwano ba, na tura ƙofa na shiga. Yana zaune a kicin. Ya rame, ya bar gemu. Abin da na fara gani shi ne agogon, ɗaure a hannunsa, ya matse shi har fatar wurin ta yi ja.

"Wai ka ce ba za ka koma ba?"

Ya ɗaga mini yatsa in dakata. Ya ɗora ɗan yatsansa a gefen agogon don ya auna masa bugun zuciya, ya ƙura masa ido, bakinsa na motsi yana ƙirge. Rabin minti muna haka. Sannan ya sauke numfashi.

"Daidai yake. Zauna."

Na zauna. Kusa da shi akwai littafin makaranta, ya ja layuka, ya cika shi da lambobi da lokuta.

"Sau nawa kake yin wannan a rana?"

"Ban sani ba. Ashirin. Talatin."

"Likita ce ta ce ka yi?"

"Ita cewa ta yi in cire shi. Wai aikinsa ya ƙare, tunda an riga an gano, kuma ina shan magani. Wai yanzu ba abin da zai ƙara mini sai fargaba." Ya yi 'yar dariya. "Na cire kwana biyu. Ban iya fita ko bakin ƙofa ba. Da, ban san ina da zuciya ba, Bodil. Yanzu ba abin da nake ji sai ita. In na hau matakala ta yi sauri, sai in tsaya in duba. In ta yi sanyi, in duba. Ki ce in ɗauki mutum tamanin in shiga tasha da iskar yamma, ido ɗaya a ruwa ido ɗaya a hannu?"

"Ka bar shi a gida."

"Na taɓa barinsa a aljihun tebur. Kin ga yadda aka ƙare."

Na ce masa likitoci sun yarda da shi, ofis ya yarda da shi. Ya ce shi ne bai yarda ba. Na ce tsibirin na bukatarsa. Ya ce ya sani, yana ganin jirgin ta taga sau uku a rana, yana kuma ganin yadda sabon matuƙin ke shiga tasha kamar mai tura keken kaya.

"Ka yi fushi da ni har yanzu?"

"Wasu ranakun. Wasu ranakun kuma in tuna Baba a gadon nan, in ce gara haka. Ban gama yanke hukunci ba." Ya rufe littafin. "Asabar kina aiki?"

"A'a."

"Zo ki taya ni fitar da ƙaramin jirgina daga ruwa. Wani ɗan Jamus zai saya."

Jirgin katako ne ɗan ƙarami, da shi yake fita kamun kifi shi kaɗai ranakun hutu. Ban tambaye shi dalilin sayarwa ba. Ranar Asabar muka haɗu a gangaren da ake jawo jirage, ana yayyafi. Muka kwashe raga da ƙugiyoyi da tsohuwar butar kofinsa, muka tura amalanken jirgi cikin ruwa, ya shiga har gwiwa ya daidaita shi. Aikin ya dawo masa da bakinsa. Ya ce ina ja kamar mai tsoron igiya, na ce shi kuma yana ba da umarni kamar wanda har yanzu ke da jirgi. Ya yi dariya ta gaske, ta farko da na ji tun watan Maris.

Mun jawo shi rabin gangaren, nauyin duka yana kanmu, sai ya tsaya.

"Riƙe," ya ce.

Ya saki nasa ɓangaren. Na naɗe igiyar a ƙugu, na kafa ƙafa a kan simintin mai santsi, jirgin yana jana baya. Shi kuwa ya juya wa ruwan sama baya, ya goge fuskar agogon da gefen riga, ya ɗora yatsa.

"Preben, yana da nauyi."

"Rabin minti ne. In na yi magana sai ya sake daga farko."

Na yi shiru na riƙe.